Hannaye Huɗu a Kan Allo Ɗaya: Faɗuwar Sana'ar Bugun Katako a Japan

A birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokyo, an yi wata sana'a da ba ta fara aiki sai ta lalata abin da aka kawo mata. Mai zane zai fitar da hoto da baƙar tawada a kan siririyar takarda, a kai wa masassaƙi. Shi kuwa ya shafa ƙullun shinkafa a kan allon itacen ceri, ya kifa takardar a kai, fuskarta tana kallon itace. Idan ta kama, sai ya murje bayanta da yatsa har layukan tawadar su bayyana, sannan ya ɗauki wuƙa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana yanka takarda da itace tare. Kafin ya gama, zanen asali ya zama ɓarɓashi a ƙasa. Saboda haka duk hoton da duniya ke yabo a yau da sunan Hokusai ko Hiroshige ko Utamaro, layin da ido ke gani a cikinsa layin wuƙar wani mutum ne wanda galibi ba a adana sunansa ba.

Wannan sana'a ita ce ta haifar da hotunan da Japanawa ke kira ukiyo-e, wato hotunan duniya mai shuɗewa. Masu rubuta tarihinta sun saba bin ta ta sunayen masu zane: wane ya gaji wane, wane ya fi wane, daga wane ne aka fara samun koma baya. Bin wannan hanya yana ɓoye abin da ya faru a haƙiƙa tsakanin 1868 da 1905. Masu zane ba su manta da zane ba a waɗannan shekaru, masassaƙa kuma ba su taɓa ƙwarewa kamar yadda suka ƙware a lokacin ba. Abin da sana'ar ta rasa shi ne mai sayenta, talakan birni wanda yake biyan ɗan canjin aljihunsa ya tafi gida da hoto, kuma da ya juya baya, waɗanda suka fi jin jiki su ne masu aikin da sunansu ba ya kan takarda.

Kafin a gane girman asarar, sai an san yadda aikin yake. Hannaye huɗu ne ke haɗuwa a kan kowane hoto. Akwai mai ɗab'i, ɗan kasuwar da ke zuba jari, ya zaɓi abin da za a zana, ya ɗauki mai zane haya, ya mallaki allunan, ya kuma sayar a shagonsa. Akwai mai zane, akwai masassaƙi, akwai mabugi. Bayan an sassaƙa allon farko na baƙaƙen layuka, ana buga wasu kwafi a mayar wa mai zane ya nuna inda kowane launi zai zauna, sannan a sassaƙa wa launukan nasu alluna. Hoto ɗaya yana iya bi ta kan alluna goma ko fiye. Abin da ke hana launuka zamewa daga gurbinsu wasu 'yan tsagogi biyu ne da ake yi a gefen kowane allo, masu suna kento, inda mabugi ke dafa kusurwar takarda da gefenta. Da wannan ƙaramar dabara aka kai ga cikakken bugu mai launuka da yawa a 1765, a hotunan Suzuki Harunobu, waɗanda aka yi wa laƙabi da nishiki-e saboda kamarsu da zanen alharini mai ado.

Babu inji ko ɗaya a cikin aikin. Mabugi yana zaune a ƙasa, allo a gabansa. Ya ɗiga launi da ɗan ƙullun shinkafa, ya baje da burushi, ya ɗora takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani faifai mai suna baren, wanda cikinsa igiya ce da aka tufka daga ɓawon gora aka naɗe, bayansa kuma an lulluɓe shi da wani ɓawon. Nauyin kafaɗarsa ne ke tura launi cikin zaren takardar. Sararin samaniyar da ke farawa da duhun shuɗi a sama ya dinga washewa har ya ɓace, wanda ake gani a hotunan Hiroshige, ba a sassaƙe yake a kan allo ba. Mabugi ne ke ƙirƙirar sa da jiƙaƙƙen tsumma da burushi, a kan kowace takarda daban, kuma ana so takarda ta ɗari biyu ta yi kama da ta farko, domin ɗari biyu-biyu aka saba bugawa a zubi guda. A ɓangaren sassaƙa kuwa akwai matakai. Yaro yana farawa da haruffa, ya wuce zuwa tufafi da hannaye, kuma sai bayan shekaru kusan goma ake barin ƙwararre ya taɓa fuska da gashi. A goshin matan da Utamaro ya zana, ana iya samun silin gashi har uku a cikin milimita ɗaya, kowanne tsayayyen itace ne da aka rage bayan an kwashe abin da ke gefensa.

Duk wannan wahala, farashinta bai wuce na kwanon taliyar soba da ɗan ƙari ba. Soba tana kan mon 16, ƙananan kuɗin tagulla na zamanin, kuma a 1842 hukuma ta ƙayyade cewa kada a sayar da hoto sama da hakan. Arahar ita ce ran sana'ar. Edo birni ne da ya kai kimanin mutum miliyan ɗaya tun a ƙarni na 18, cike da 'yan kasuwa da masu sana'a da barorin sarakunan larduna, kuma hoton katako yana yi musu ayyukan da a yau aka raba wa abubuwa da dama. Shi ne hoton ɗan wasan kabuki da ake manna wa a bango. Shi ne tallar sabon yayin tufafi da na shagunan kayan kwalliya. Shi ne tsarabar da baƙo ke kai wa ƙauye, mara nauyi, mara tsada. Shi ne kuma jaridar da ke kewaya dokar hana magana. Lokacin da gwamnatin Shogun, sarkin yaƙin da ke riƙe da mulki, ta haramta zanen 'yan wasa a 1842, Kuniyoshi ya dinga zana su da siffar kyanwoyi, masu saye kuma suna gane kowa da fuskarsa. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Edo a 1855, cikin 'yan kwanaki kasuwa ta cika da hotunan ƙaton tarwaɗa da almara ta ce motsinsa ne ke girgiza ƙasa, wasu suna nuna magina da kafintoci suna yi masa godiya saboda aikin da ya samar musu. Mutanen da suka sayi waɗannan takardu ba su ɗauke su kayan ajiya ba. Ana kallo, a manna a ƙyaure, idan sun dushe a yar.

Jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry sun iso a 1853, tashar Yokohama ta buɗe wa baƙi a 1859, mulkin Shogun ya faɗi a 1868 aka maido da iko hannun Sarki Meiji. Da farko sana'ar ta ci ribar wannan hargitsi. Mutane suna ƙishirwar ganin Turawa da hulunansu da jiragensu, masu ɗab'i kuma suka shayar da su. Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Shimbashi da Yokohama a 1872, hoton katako ne ya nuna wa mafi yawan Japanawa kamannin jirgin. Gine-ginen jan bulo na Ginza, fitilun iskar gas, sojoji cikin kaki irin na Turai, duk ta kan allon ceri suka shiga gidajen jama'a. Sana'ar ta zama mai shelar zamanin da zai binne ta.

A nan ya kamata a tsaya a kan wani zargi da ya daɗe yana yawo. Masu sharhi na Turai, da Japanawan da suka bi sahunsu, sun ce hotunan zamanin Meiji sun lalace ne saboda jan rini da shunayya masu kaifi da aka fara shigowa da su daga ƙetare, waɗanda suka maye gurbin launuka masu laushi na furanni da itatuwa. Gaskiya ne jan yana da tsawa a ido. Amma shuɗin da ya ɗaukaka jerin hotunan Dutsen Fuji na Hokusai a farkon shekarun 1830, har da igiyar ruwan Kanagawa da kowa ya sani, shi ma rinin masana'anta ne da aka ƙirƙira a Berlin, kuma ba a ji wanda ya kira shi gurɓata ba. Launin waje ya zama abin yabo a hannun Hokusai, ya zama abin zargi a hannun jikokinsa a sana'a, alhali bambancin kawai shi ne na farko ya dace da Japan ɗin da baƙi ke son gani, na biyu kuma yana nuna Japan mai jirgin ƙasa da waya. Wanda ya riƙe hoto ɗaya daga jerin Siffofin Wata Ɗari na Tsukioka Yoshitoshi, da aka buga tsakanin 1885 da 1892, zai ga sassaƙa da bugu da ba su gaza na kowane zamani ba. Rini bai kashe sana'ar ba.

Ɓarakar farko ta faru a inda masu kallon hotuna ba sa dubawa, wato a littattafai. Japan ta san haruffan da ake jerawa tun shekarun 1590, ta hannun 'yan mishan na Turai da kuma ta Koriya, amma ta ajiye su bayan 'yan gomman shekaru ta koma allo, domin rubutunta mai dubban alamomi da haɗaɗɗun layuka ya fi zama daidai a kan shafin da aka sassaƙa gaba ɗaya, hoto da rubutu wuri guda. Fiye da shekara 200 kowane littafi, na addini ko na labari ko na lissafi, sai ya bi ta hannun masassaƙi. Wannan shi ne abincin yau da kullum na sana'ar, shi ne kuma makarantar da almajirai ke koyon riƙe wuƙa. A 1869 wani mai fassara a Nagasaki, Motoki Shozo, ya koyi zuba haruffan dalma daga William Gamble, wanda ke kula da maɗaba'ar 'yan mishan a Shanghai. Almajiransa suka kai fasahar Tokyo. Sabuwar gwamnati tana buƙatar dokoki da sanarwa da littattafan makaranta da yawan da wuƙa ba za ta iya ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1880 haruffan dalma sun kwashe kusan duk aikin littafi. Matakin farko na tsanin ya karye. Manyan masassaƙa suna nan da ƙwarewarsu, sai dai hanyar da yaro zai bi ya zama irinsu ta fara toshewa.

Labarin Ochiai Yoshiiku ya isa ya nuna yadda 'yan sana'ar da kansu suka taya zamani aiki. Almajirin Kuniyoshi ne, abokin karatun Yoshitoshi kuma abokin hamayyarsa. A 1872 yana cikin mutanen da suka kafa jaridar Tokyo Nichinichi Shimbun. Jaridun farko rubutu ne zalla, cikin harshe mai nauyi da talaka ba ya iya karantawa, don haka a 1874 Yoshiiku ya fara ɗauko labarai daga jaridar, musamman na kisan kai da fatalwa da rikicin ma'aurata, yana mayar da su hotunan katako masu launi da ɗan bayani cikin sauƙaƙan haruffa. Suka karɓu ƙwarai, har wata jaridar ta ɗauki Yoshitoshi ya yi mata irinsu. Sai dai hoton katako yana cin kwanaki kafin ya fito, labari kuwa ba ya jira. A 1875 Yoshiiku ya shiga kafa wata ƙaramar jarida mai sauƙin harshe wadda ke ɗauke da zane a cikin shafinta, tana fita a kai a kai, a farashin da bai kai na hoto ba. Cikin 'yan shekaru irin waɗannan jaridu suka kashe kasuwar hotunan labarai da shi ya buɗe. Masu zane da yawa suka bi shi, domin jarida tana biyan albashi duk wata, abin da mai ɗab'i bai taɓa yi ba. Mai zane ya sami mafita. Mabugin launi, wanda jarida ba ta da aikin da za ta ba shi, bai samu ba.

Kyamara ta fi ɗaukar lokaci kafin ta yi tasiri. Ueno Hikoma ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Nagasaki a 1862, Shimooka Renjo kuma a Yokohama a wannan shekarar, amma hoton kyamara na lokacin yana da tsada, ba shi da launi, kuma ba a iya buga shi a jarida. Abin da ya fara canzawa shi ne idon mai kallo. Hoton ɗan wasan kabuki na katako bai taɓa nufin kama da mutum kamar madubi ba. Yana ɗaukar doguwar haɓa ko karkataccen baki ya ƙara musu gishiri, masu kallo kuma sun yarda da wannan yare. Da Uchida Kuichi, wanda ya ɗauki hoton Sarki Meiji a 1872 da 1873, ya fara sayar da hotunan 'yan wasa na kyamara, sai masoya suka fara tambayar wanne ne ainihin fuskar. Toyohara Kunichika ya ci gaba da zana 'yan wasa har mutuwarsa a 1900, da ƙarfin hali da gwaninta, amma bai bar magajin da ya kai shi ba. Gefe guda kuma bugun dutse, wanda ake zana hoto a kan shimfiɗaɗɗen dutse a buga da inji, ya kwashe aikin talla da lakabin kaya da taswira, yana ba da inuwa da haske irin na kyamara a farashi mai sauƙi.

Gwamnati ma ta yi nata, ba tare da ta haramta komai ba. Domin halartar baje kolin duniya na Vienna a 1873 aka ƙirƙiri kalmar bijutsu don fassara abin da Turawa ke nufi da fasaha mai daraja, wadda mutum ɗaya mai hazaƙa ke yi da hannunsa, kuma guda ɗaya ce tak a duniya. Hoton da mutum huɗu suka haɗu suka yi, aka buga dubbai, aka sayar a bakin titi, bai da gurbi a wannan ma'auni. A 1876 aka ɗauko malamai daga Italiya su koyar da zanen Turai. Makarantar fasaha ta Tokyo da ta buɗe a 1889 ta ɗaukaka zanen burushi na gargajiya irin na fada da gidajen ibada. Baje kolin fasaha na gwamnati da aka fara a 1907 bai karɓi hotunan bugu ba sai a 1927. Yaro mai basirar zane a 1890 yana da hanyoyi biyu na samun suna, kuma babu wadda ta bi ta shagon mai ɗab'i.

Yaƙi ne ya ba sana'ar numfashinta na ƙarshe. Da Japan ta gwabza da Sin a 1894 zuwa 1895, an fitar da hotunan yaƙi kimanin 3,000 cikin ƙasa da shekara guda, yawancinsu masu faɗin takarda uku a jere. Masu zanen suna zaune a Tokyo, ba su ga fagen fama ba. Suna karanta saƙon waya a jarida su ƙaga sauran daga kansu, wani lokaci ma a zana yaƙin kafin a gwabza shi. Kobayashi Kiyochika, wanda ya yi suna tun 1876 da hotunan Tokyo cikin hasken fitila da na wata, ya zuba duk gwanintarsa a fitilun jiragen ruwa da dusar ƙanƙara da hayaƙin igwa. Masassaƙa da mabuga suka kwana suna aiki, jama'a suna cincirindo a ƙofar shaguna. Dole a faɗa cewa da yawa daga cikin hotunan farfaganda ce mai muni, tana nuna sojan Japan dogo mai kamar Bature, abokin gabarsa kuma abin dariya. Sana'ar da ta yi suna da yi wa hukuma shaguɓe ta ƙare tana yi mata kirari.

Shekara goma bayan haka aka shiga yaƙi da Rasha, masu ɗab'i suka shirya alluna suna jiran irin waccan kasuwa, ba ta zo ba. A tsakanin yaƙoƙin biyu an iya buga hoton kyamara a mujalla, kuma tun 1900 doka ta ba 'yan kasuwa damar buga katin wasiƙa mai hoto. Mutanen da 'ya'yansu ke mutuwa a Port Arthur suna son ganin wurin yadda yake, ba yadda wani ya ƙaga shi a Tokyo ba. Layukan da aka yi a 1904 da 1905 a ƙofar gidajen waya aka yi su, don sayen katunan tunawa da yaƙi. Daga nan hoton katako ya daina zama abin da talaka ke saye. Ragowar masu sana'ar suka fake a 'yan wurare: hoton buɗe littafi da ake liƙawa a gaban littattafan labari da mujallar Bungei Kurabu, kwaikwayon tsoffin zane-zane a mujallar fasaha ta Kokka, takardun ado, ambulan, da hotunan tsuntsaye da furanni na masu yawon buɗe ido.

Abin mamaki shi ne, a daidai waɗannan shekaru ne hotunan suka kai ƙololuwar daraja a wata nahiya. Van Gogh ya kwaikwayi hotuna biyu na Hiroshige da fenti a 1887. Monet ya tara fiye da 200 a gidansa na Giverny. A 1890 aka yi musu babban baje koli a makarantar fasaha ta Paris, marubuci Edmond de Goncourt kuma ya wallafa littafi a kan Utamaro a 1891, wani a kan Hokusai a 1896. Hayashi Tadamasa, wanda ya je Paris a 1878 a matsayin tafinta ya zama dillali, ya fitar da hotuna sama da 150,000 daga Japan cikin kimanin shekara 11. Daga baya 'yan ƙasarsa suka zarge shi da sayar da gadon al'umma, duk da cewa lokacin da yake saye ba su ɗauki takardun a bakin komai ba. Sai dai wannan soyayya ta Turai ba ta sa wa mabugi ko ɗaya shinkafa a tukunya ba. Tsoffin hotuna ake nema, na matattun masu zane, kuma sunan mai zane kaɗai ake tambaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wasu hotunan ƙarni na 19 akan ga ɗan hatimin masassaƙi a gefe, kamar na Yokokawa Takejiro da ke sa hannu da Hori Take, amma na mabugi ya fi wuyar samu, kuma kundayen masu tara hotuna ba su damu da ko ɗaya ba.

Ƙoƙarin farfaɗowa ya rabu gida biyu, kuma a kan waɗannan hannaye ne aka rabu. A 1904 mujallar Myojo ta buga wani ɗan hoton masunci na Yamamoto Kanae, wanda shi ya zana, shi ya sassaƙa. Kanae ya yi almajirancin sassaƙa irin ta Turai tun yana yaro, ya ga hoton kyamara yana cinye wannan aikin ma, ya yanke shawarar cewa allo ba zai rayu ba sai ya zama kayan aikin mai fasaha ɗaya. Waɗanda suka bi shi, masu kiran aikinsu sosaku-hanga, sun ɗauki ka'idar cewa mutum ya zana da kansa, ya sassaƙa da kansa, ya buga da kansa. Sun karɓi ma'aunin Turai gaba ɗaya, kuma a cikinsa masassaƙi da mabugi ba su da wuri. A ɗaya gefen akwai Watanabe Shozaburo, ɗan kasuwar da ya san abin da baƙi ke so. Daga 1915 ya tattaro ragowar ƙwararru ya haɗa su da sababbin masu zane irin su Hashiguchi Goyo da Ito Shinsui da Kawase Hasui, aka kira aikin shin-hanga. Tsarin hannaye huɗu ya dawo, da ingancin da ya zarce na dā, hoto ɗaya yana iya hawa allo sau talatin ko fiye. Amma farashinsa ya fi ƙarfin ɗan birnin da aka ƙirƙiri sana'ar dominsa, kuma babbar kasuwarsa tana Amurka, inda gidan adana kayan fasaha na Toledo ya yi masa baje koli a 1930 da 1936. Hasui yana zana haikali cikin dusar ƙanƙara da kwale-kwale a bakin tafki, Japan mai natsuwa wadda hayaƙin masana'anta bai taɓa ba. Ukiyo-e na dā yana bin abin da ke faruwa a titi a wannan makon. Magajinsa yana sayar da kewar abin da ya wuce.

Girgizar ƙasar Kanto ta 1 ga Satumba 1923 ta ƙone shagon Watanabe da allunansa da ajiyarsa, tare da unguwannin da masu sana'ar ke zaune. Ya sake ginawa. Yaƙin duniya na biyu ya yanke kasuwar Amurka, ruwan bama-baman Maris 1945 kuma ya sake cinye waɗannan unguwanni. Bayan yaƙi, ɓangaren Kanae ne ya sami lambobin duniya: Saito Kiyoshi a São Paulo a 1951, Munakata Shiko a Venice a 1956. Allo ya shiga sahun fasaha mai daraja a ƙarshe, bayan ya sauke mutum uku daga cikin huɗun da suka ɗauko shi.

Sana'ar ba ta ƙare ƙurmus ba. Cibiyar Adachi a Tokyo, wadda aka kafa a 1928, tana horar da matasa masassaƙa da mabuga, yawancin aikinsu kuma sake buga hotunan Edo ne. Gwamnatin da ta ƙi kallon hoton katako a 1907 ta sanya shi cikin jerin sana'o'in gargajiya da take karewa a 2007. Matsalar yanzu ta gangara ƙasa da masassaƙi, ta kai ga waɗanda ke yi masa kayan aiki. Faffaɗan allon ceri na dutse da ya bushe shekaru yana wuyar samu. Baren na asali yana cin watanni, domin bayansa gomman takardu ne da ake liƙawa ɗaya a kan ɗaya kafin a shafe da gam na itace, kuma masu yin sa 'yan ƙalilan ne. Takardar hosho ta lardin Echizen, wadda ke jure murza sau da yawa ba ta yage ba, tana fitowa daga hannun gidaje kaɗan, kuma a 2000 aka ba Iwano Ichibei na tara matsayin taskar ƙasa mai rai saboda yin ta.

A Maris 2023 an sayar da kwafi ɗaya na igiyar ruwan Kanagawa a New York a kan kimanin dala miliyan 2.8. A Yuli 2024 Japan ta fitar da sabuwar takardar kuɗi ta yen 1,000 da wannan hoton a bayanta. Hukumar ɗab'i ta ƙasa ce ta buga ta, magajiyar ofishin da ya ɗauko Edoardo Chiossone daga Italiya a 1875 don ya koya wa Japanawa zane a kan farantin ƙarfe da bugu da inji.